Gulbin da Ke Kawo Ruwa Babu Hadari

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ko addu'ar liman ban tsaya ta ƙare ba. Ni dai haka Allah ya yi ni, ba ni da haƙurin jira. In aka ce tafiya gobe, to takalmina a bakin ƙofa yake kwana. Tun da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki ake ta cika mana kunne a rediyo cewa an gyara madatsar ruwan nan ta gulbin da ke kudu da birni, an yashe hanyoyin ban-ruwa, an kafa rumfunan hutawa, har tsuntsaye da kadoji sun dawo. Na ce kafin in ba ku labarin abin da ban gani ba, gara in je in gane wa idona.

Mu huɗu ne a motar. Akwai kawuna, yayan mahaifiyata, wanda a bakin gulbin aka haife shi, ya baro ƙauye yana saurayi ya tsufa yana auna hatsi a Babbar Kasuwa. Rabonsa da wurin tun kafin a datse ruwan, don haka da ya ji zancen tafiyar shi ya naɗa kansa jagora, babu wanda ya roƙe shi. Akwai abokin aikina, malamin makarantarmu, mutumin kudancin Kaduna, da kyamararsa rataye a wuya kamar laya. Sai mai motar, ɗan Kawu na fari, taubashina, wanda tun muna yara ban taɓa faɗa masa magana ya ɗauke ta da gaske ba, shi ma haka. Motar tsohuwar fijo ce da yake haya da ita tsakanin Katsina da Kano. Ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa, daga ita matarsa da 'ya'yansa suke ci suke sha. Da safe kafin ya wanke fuskarsa ita yake fara wankewa. Sai da na yi mako ina lallashi kafin ya yarda ya sauke ta daga kwalta.

Ga wanda bai san gidanmu ba, sai na yi masa bayanin wani abu, don shi ne ya zame mini aiki a tafiyar nan. Kawu na mutanen da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da aka haifi taubashin nan nawa bai taɓa kama sunansa ba, ba ya kuma yi masa magana baki da baki. In suka haɗu a zaure, uban ya kalli bango, ɗan ya kalli ƙasa. Ko baƙo ne mai irin sunan ya zo sayen gero, sai Kawu ya ce masa "mai sunan wancan". Saboda haka ya ƙi zama gidan gaba, ya shige baya shi da abokina, ni kuma na zauna kusa da direba na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da numfashin junansu suke ji.

Ko Ƙofar Ƙwaya ba mu gama fita ba aikin ya fara.

"Malam, hwaɗa ma direbanka shi rage gudu, ba gobara za mu kashewa ba."

Na juya na faɗa wa direbana. Ya rage, yana hararata ta gefen ido, kamar ni na ƙirƙiro maganar.

Hanya ta canza daga yadda na san ta. Inda sojoji suke kafa shinge a da, yanzu sai gangunan da suka bari da buhunan yashi da suka fashe, awaki kwance a kai suna tuƙa. 'Yan sanda ne a can gaba, su ma suka leƙo suka ga furfurar Kawu suka ɗaga mana hannu. Hotunan 'yan takara suna nan manne a jikin kowace bishiya, rana ta cinye musu fuska, sai hulunan kawai ake ganewa. Abin da bai canza ba shi ne mai. Gidajen mai a rufe, 'yan bumburutu a buɗe, galan-galan jere a bakin titi, tsada kuwa sai ka riƙe baki. Taubashina ya sha abin da ya sawwaƙa, daga nan idonsa bai sake barin allurar mai ba.

Mun karya a wani gari na bakin hanya, wajen wata mai ƙosai da take tsamo shi daga kasko tana zuba mana a takarda, ga koko mai zafi da ya ji citta. Ni a tsaye na sha nawa. Kawu kuwa sai da aka shimfiɗa masa buzu, ya gaisa da mai shayi, ya tambaye shi gida da iyali da gajiya da zafi da labarin wani mai auna dawa da ya sani shekarun baya, wanda ashe ya daɗe da rasuwa, sai aka koma ta'aziyya. Ina ta kewaya mota ina buga ƙafa. Bazara ce, hantsi bai gama ɗagawa ba riga ta fara manne wa mutum a baya.

Daga inda muka saki kwalta hanyar jar ƙasa ce, an baje ta an yi mata sababbin kwalbatoci. Allon da aka kafa a mararraba mai bayanin aikin ya kusa fin aikin girma. Amma gaskiya ɗaya ce, hanyar tana biyuwa. Muka yi ta ratsa gonaki busassu da kukoki tsirara da duwatsu manya-manya da suka hau kan juna, kai ka ce wani ne ya jera su ya tafi ɗauko saura. Ba zato muka hau wani tudu, sai ga ruwa shimfiɗe a gabanmu iya ganin ido.

Ni Bakatsine ne, ruwan da na saba gani a bazara shi ne na randa. Iska mai sanyi ta taso daga kansa ta bugo mu, har taubashina ya kashe mota ba tare da an aike ni gare shi ba. Ruwan shuɗi ne daga nesa, kore a kusa, duwatsu sun leƙo daga cikinsa nan da can, kowane da farin rawanin balbelu a kansa. Kirinjijiya garke guda suka tashi suna fito, suka kewaya suka sake sauka inda suka taso. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya cikin ciyawa ya ƙura wa ruwa ido, ga dinya can tsakiya. Har gauraka biyu muka gani suna takawa a bakin gaɓa, tsuntsuwar da rabona da ita tun ina makarantar firamare. Abokina ya rikice, ya durƙusa nan ya kwanta can, yana ɗauka yana kiran sunan Allah da harshensu.

Rumfunan hutawar suna nan, na kwano ne da kujerun siminti, an shafa musu kore da fari. An dasa bishiyoyi an kewaye su da ƙaya, rabi sun kama, rabi awaki sun gama da su. Babu kowa sai mu da wasu ma'aurata da suka zo a babur. Wani mai gadi ya nuna mana wani falalen dutse ya ce mu zuba ido. Da farko na ɗauka gungumen itace ne. Sai gungumen ya buɗe baki ya bar shi a buɗe. Kada ne, ƙato, yana shan hantsi, wani ɗan tsuntsu yana ta kai da kawo a gefensa ba ko tsoro. Ban san lokacin da na ja da baya ba, ko da yake tsakaninmu da shi akwai ruwa mai yawa. Taubashina ya ce ai kada ba ya cin ƙashi da fata, in kwantar da hankalina.

Kawu ne kaɗai bai yi murna ba. Ya tsaya a bakin ruwan yana dogare da sanda, ya duba gabas ya duba yamma, yana neman abin da zai kama ya gane inda yake. Can ya nuna wani wuri a tsakiyar ruwa da bakin sandar, ya ce mini nan ne gonar kakana, akwai wata ɗorawa a kusurwarta. Na duba, ban ga komai ba sai wani masunci kwance rub da ciki a kan ƙaton gora yana jan koma. Tausayin tsohon ya kama ni, don ban taɓa ganin sa yana neman hanya ba, kullum shi ke nuna wa mutane. Amma ko a lokacin rabin hankalina yana kan rana, ina lissafin sauran wuraren da ba mu je ba.

Abincin rana kifi muka ci a bakin madatsar, inda mata suke soya shi a manyan kasake. Karfasa da tarwaɗa, daga ruwa sai mai, a barbaɗa yaji a matsa lemon tsami. Abin da za ka ba da a birni a ba ka kai da jela, a nan sai a cika maka faranti har a yi maka gyara. Na tambayi mai kifin ko masu yawon buɗe ido suna zuwa. Ta ce suna zuwa ranar da gwamna zai zo.

Bayan azahar muka bi ta kan madatsar muka ƙetara, muka gangara da hanyar da ta bi ɗaya gaɓar, ƙasa da inda aka tare ruwan. Nan ne idona ya ga aikin da aka yi. Hanyoyin ruwa na siminti sun ratsa fadama, ko'ina kore shar, albasa da tumatir da attarugu da alkama da aka fara girbewa. Jigon ɗiban ruwa da Kawu yake ba mu labari a hanya babu shi, sai injinan ban-ruwa suna ta tari. Kwandunan tumatir jere a bakin hanya suna jiran mota, wasu har sun fara zubar da ruwa, masu su na roƙon a saya ko nawa ne. Tafiyar ta yi nisa fiye da yadda na zata, hanyar kuma duk gargada, kowane rami muka faɗa sai taubashina ya ce "wash", kamar a jikinsa.

Inda Kawu yake son kai mu shi ne kufan garinsu. Mutanen sun daɗe da tashi sun koma kan tudu, abin da ya rage sai guntayen ganuwa da ruwan sama ya lashe, da wata tsamiya da mutum uku ba za su rungume ta ba. An kafa ɗan allo an rubuta cewa wurin tarihi ne. Muna sauka tsohon nan ya zama wani mutum. Ya yar da sanda a mota. Ya kai mu karofi, ramukan rini fiye da yadda zan ƙirga, bakinsu har yanzu da shuɗin baba, guza ya fito daga ɗaya ya ruga cikin ciyawa. Ya nuna mana tudun baƙin kashin tama inda maƙeran da suke narka ƙarfe, ya ɗauko guda ya danƙa wa abokina ya ce ya kai wa 'yan makaranta. Ya nuna inda ƙofar gari take, da inda ake ɗaure jakunan fatake, da ɗakin da aka haifi mahaifiyata, wanda yanzu wata 'yar sabara ce ta tsiro a wurin.

Daga gindin tsamiyar ana hango gulbin kansa, wato abin da madatsa ta bari. Yashi ne fari fat, mai faɗi, kwance tsakanin gaɓa biyu, babu ɗigon ruwa. Kawu ya ce da rani wannan yashin shi ne titinsu, shi ne dandalinsu. A kansa ake kokawa bayan kaka, a cikinsa mata suke tona 'yan rijiyoyi da ƙorya su ɗebi ruwa mai sanyi, ta kansa motocin gyaɗa suke ƙetarewa. Ya ce da damina kaɗai ake jin tsoronsa, shi ma akwai dabara: kafin ka sa ƙafa ka ɗaga kai ka dubi sama ta inda gulbin ya fito. In akwai hadari, ko da a garinku ba a yi ɗigo ba, ka haƙura. In sama tas take, ka wuce abinka. Haka ubansa ya koya masa, haka ya yi ta yi har ya bar garin, bai taɓa jiƙa wando ba.

La'asar ta yi, muka yi salla a nan. Ni duk na ƙagu, don komawa ta kan madatsa na nufin mu sake cin duk gargadar nan, ga mai ya ja baya. Sai Kawu ya nuna wata gangara kusa da tsamiyar.

"Ga mashiginmu nan. Hwaɗa mashi shi bi nan, muna haurawa sai kwalta."

Taubashina ya sauka ya taka yashin, ya tona da ƙafa, ya dawo. Bai dubi ubansa ba, ni ya duba.

"Ka ce mashi yashin nan bai kwanta mani ba."

Na isar, amma na rage mata gishiri, na ce direba yana tambaya ko yashin da ƙarfi. Kawu ya ɗaga kai ya dubi sama ta kudu, ya dubi ta gabas. Ko ƙyallin gajimare babu.

"Hwaɗa mashi tun ba a haihe shi ba nike ƙetare wanga wuri."

Abokina ne ya ce wani abu da ya kamata mu tsaya a kai. Ya ce shi abin da ya ba shi mamaki, ga gari a kan tudu, ga lambuna, amma babu mutum ko ɗaya a cikin yashin, babu mai wanki, babu jaki, shanun da muke hangowa ma duk suna can saman gaɓa. Muka yi masa dariya, muka ce mutanen kudu da tsoron ruwa, ko a hoto suka gan shi sai sun naɗe wando. Ni na fi kowa dariya, don ina son in ga kaina a gida kafin magariba. Ɗa kuma ba ya musu da uba, balle uban da ko maganarsa sai ta hannun wani take zuwa. Taubashina ya yi bisimilla ya tayar da mota.

Mun ci rabin gulbin lafiya. Daga nan fijo ta fara nishi, ta yi gaba kaɗan, ta tsaya. Ya ba ta wuta, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa yashi suna haƙa wa kansu kabari, har cikinta ya zauna daram a ƙasa. Muka fito muka tura, ni da abokina, har jijiyar wuya. Muka karyo ganye muka cusa, muka sa tabarmar salla, muka rage iskar taya. Ko motsi. Kawu yana gefe yana ba da umarni ta bakina, ni ina isarwa ina haki. Daga ƙarshe taubashina ya ciro jak da wani guntun katako daga but, ya ɗora jak ɗin a kan katakon ya ɗaga bayan motar, ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashinta da murfin taya a hannu, yana kwashe yashin da ya riƙe ta.

Muna cikin haka muka ji ihu daga gaɓa. Wani Bafulatani ne, dattijo, yana kaɗa malfa yana gangarowa da gudu-gudu.

"Ku hito! Ku hito da mota! Yau ake sakin ruwa!"

Da ya iso ya yi mana bayani yana nuna wajen madatsar da sandarsa. Ashe tun da aka gyara madatsar, in lambunan da ke can ƙasa suka bukaci ruwa, sai a buɗe ƙofa a sako musu ta cikin gulbin. An yi shela a kasuwa, an faɗa a rediyo, kowa a yankin ya sani, shi ya sa aka kwashe dabbobi. Ya ce da la'asar ake buɗewa, kuma la'asar ta wuce.

Na juya na dubi motar. Kawu kuwa ya sake ɗaga kai, ya bi sama da kallo kusurwa huɗu, ya dubi mutumin kamar wanda ya zo da zancen mahaukata.

"Ruwa daga ina, bawan Allah? Kai ba ka ganin sama?"

Bafulatanin bai tsaya gardama ba. Ya ce bari ya kirawo mutane ya zo da bijimai, ya juya da gudu.

Na sha jin labarin ambaliya, na zaci zan ga bango na ruwa yana tahowa da ruri. Ba haka ya zo ba. Wani siririn harshe ne ya ɓullo daga kwana, yana tafe a hankali kamar mai neman hanya, yana ture kumfa da busasshen ganye da kashin shanu a gabansa, yashi yana shan sa yana wata 'yar ƙara. Har abokina ya ɗaga kyamara. Ya iso ya shafi ƙafafunmu, sanyi ƙalau. Kafin mu gama mamaki ya rufe idon sawu, ya faɗaɗa ya cika tsakanin gaɓa da gaɓa, launinsa ya koma ja. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda na ji yashin da nake tsaye a kai yana zarewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata. Na dubi katakon da jak yake kai, na ga ruwa yana yi masa irin wannan sata ta gefe. Mutum kuma yana kwance a ƙarƙashin motar.

Na durƙusa na ce ya fito. Ya ce saura kaɗan, ya kusa kai ga ƙarfen da ya kafe a yashin. Ruwa yana bin bayansa yana shiga kunnensa, yana tofarwa yana ci gaba da tono.

"Hwaɗa mashi shi hito," in ji Kawu a bayana.

Na faɗa, na ƙara da rantsuwa. Amma wa ya aike ni? Mutumin da ya shekara arba'in yana mayar da maganata wasa ba yau zai fara jin ta ba. Ya ce in tsoro nake ji in hau tudu in jira shi. Abokina ya kama ƙafarsa ya ja, ya yi masa harbin jaki ya ƙwace.

"Hwaɗa mashi in ji ni! Hwaɗa mashi a bar ta!"

Na faɗa da iyakar muryata. Daga ƙarƙashin mota ya amsa mini, ya ce in an bar ta me yaransa za su ci. Motar ta ɗan yi wani motsi, jak ya karkace kaɗan. Na rasa abin da zan yi, na tsaya riƙe da kai.

Sai na ji an ture ni gefe. Kawu ne. Ya shigo ruwan da babbar rigarsa da komai, ya durƙusa har gemunsa yana taɓa ruwa, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya kira sunan ɗansa. Sunan yanka, cikakke, da wata irin murya da ban san yana da ita ba. Ya sake kira, ya ce, "Hito, don Allah hito."

Tonon ya tsaya cak. Sai ga ƙafafu, sai ga baya, sai ga kai duk yashi. Ya miƙe tsaye yana kallon ubansa ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba. Miƙewarsa ke da wuya sai katakon ya sulluɓe, jak ya kwanta, motar ta faɗo da dukan nauyinta daidai inda ƙirjinsa yake a da. Ruwa ya fantsamo mana a fuska. Muka kama tsohon, ɗaya a dama ɗaya a hagu, muka ja shi zuwa gaɓa, ruwa yana dukan gwiwa.

Mutanen gari sun zo da igiyoyi da bijimai biyu, Allah ya saka musu, amma lokaci ya ƙure. Abin da suka iya shi ne wasu samari suka shiga suka ɗaure ta da igiya a jikin wani gawo don kada ruwa ya juya ta. Muka zauna a kan gaɓa muna kallo ruwa ya haura taya, ya haura ƙofa, ya shiga ya zauna a kujerun da muka taso a kai. Taubashina ya haɗa kai da gwiwa. Rana tana faɗuwa, balbelu suna wucewa a jere ta kanmu za su kwana, wurin ya yi kyau har ya ba ni haushi. Can Kawu ya matso kusa da ni, yana matse bakin rigarsa, idonsa a wani wajen.

"Malam, hwaɗa ma wancan shi sa riga, kar sanyi shi kama shi."

A garin muka kwana, gidan mai unguwa, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka da ban iya ci ba. Washegari da ruwan ya janye aka samo tarakta ta fizgo motar, wata babbar motar tumatir ta ja mu har Katsina. Haka muka shigo ta Ƙofar Ƙwaya a ɗaure a gindin wata, ruwa yana ɗiga daga ƙofofi, mutane suna nuna mu.

To, masu karatu, wurin nan ya cancanci a je. Ku je ku ga ruwa da tsuntsaye, ku ci kifi, ku tsaya a karofin nan ku ga aikin kakanni kafin ƙasa ta gama cinye shi. Amma ku bi ta kan madatsa ku dawo ta kanta, komai nisa. Abin da na koyo shi ne, in aka gyara gulbi ba gaɓarsa kaɗai ake canzawa ba, har halinsa. Ilimin Kawu gaskiya ne, ya yi wa mutane aiki tun kaka da kakanni, sai dai gulbin ya daina karɓar umarni daga sama, yanzu daga hannun mai riƙe da makulli yake karɓa. In kun isa baƙon wuri, ko da a nan aka binne cibiyarku, ku nemi wanda ya kwana a garin ku tambaye shi.

Motar tana garejin wani bakanike har yanzu. An sauke injin, yashi ake ta fitarwa daga wuraren da ban san mota tana da su ba, kuma bakaniken ya ƙi yin alkawari. Taubashina yana jan motar wani a kamasho kafin a ga abin da Allah zai yi. Shekaranjiya na same shi a garejin da yamma, zaune a kan tsohuwar taya yana kallon ta. Na shirya zai zage ni, don da hannuna a ciki, na ma tanadi amsa. Bai zage ni ba. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kai kana kusa. Ruwa ya cika mani kunne a lokacin, ban tabbata ba. Da gaske sunana ya kira?"

Na ce da gaske, har sau biyu.

Ya gyaɗa kai, ya sa bayan hannu ya goge ido, ya bar baƙin mai a kumatunsa.

"Ashe ya san shi," in ji shi.